Rawar da Ƙwari da Tsutsotsi ke Takawa a Mutuwar Fuju'ar Tsofaffin Ɓerayen Kiwo

Tsakure

Maƙalar ta dubi wata tambaya da masu kiwon ɓeraye don sha'awa a Turai da Amurka suke yawan kai wa likitocin dabbobi: idan tsohon ɓera ya kwana kamar lafiya lau, aka wayi gari ya mutu, sannan aka ga kwarkwata a gashinsa ko tsutsa a hanjinsa, shin su ne suka kashe shi? An bi manyan 'yan cima-zaunen da ke kama ɓera, an auna ɓarnar da kowannensu zai iya yi, an kuma gwama ta da cututtukan tsufa da aka sani a wannan dabba. Matsayar maƙalar ita ce ba kasafai cima-zaune ke kisa shi kaɗai ba; galibi yakan tarar da jikin da huhu ko ƙoda ko zuciya suka riga suka kassara. An kuma nuna cewa maganin da ake ɗura wa dabbar cikin firgici yana iya fin cutar haɗari, kuma binciken gawa ne kaɗai ke raba gardama.

1.0 Gabatarwa

Na san taken wannan maƙala zai ba wasunmu mamaki. Tsakanin Bahaushe da ɓera sai tarko da guba da kyanwa, kuma da dalili, domin shi ne mai huda buhu, wani danginsa kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Amma a Ingila da Amurka da ƙasashen Turai da dama akwai mutanen da ke ajiye ɓera a keji cikin ɗaki, su raɗa masa suna, su kai shi asibiti, su yi kuka in ya mutu. Al'adar ta daɗe. A ƙarni na 19 wani mai sana'ar kama ɓeraye a Landan, Jack Black, wanda ya yi wa Sarauniya Biktoriya aiki, yakan ware masu launi na daban ya hayayyafa su ya sayar. A 1901 Mary Douglas ta shigar da ɓerayenta gasar baje kolin ƙananan dabbobi a garin Aylesbury. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓerayen ado ta Birtaniya, a 1983 kuma aka kafa irinta a Amurka.

Dabbar da suke kiwo ita ce Rattus norvegicus. Ita ce dai farar ɓerar nan ta Wistar da aka fara hayayyafawa a Cibiyar Wistar ta Filadalfiya a 1906, wadda a yau ta cika ɗakunan dabbobin gwaji na jami'o'inmu. Kusan duk abin da aka sani game da tsufan ɓera daga ɗakunan gwaji ya fito, kuma duk kuskuren da mai kiwo zai yi wajen gano abin da ya kashe dabbarsa, ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ma yana iya yin sa. Wannan shi ya sa na kawo batun gabanku.

2.0 Fuju'ar da ba fuju'a ba

Ɓeran kiwo yana yin shekara 2 zuwa 3 a duniya. Wanda ya haura wata 24 ya tsufa. Zuciyarsa na bugawa sau 300 zuwa 400 a minti ɗaya, saboda haka duk abin da ya lalace a jikinsa da sauri yake lalacewa. Ga shi kuma dabba ce da ake farauta, halittarta ce ta ɓoye rauni. Yana ci, yana fitowa in an kira shi, har zuwa ranar da ƙarfinsa zai ƙare. Harkarsa ma da dare yake yi, lokacin da mai shi ke barci.

Alamun suna nan ga mai lura. Gashi yakan tashi ya daina sheƙi. Ƙashin baya yakan fito a ji shi da yatsa. Wani jan ruwa yakan bushe a gefen ido da hanci, mutane su ɗauka jini ne, alhali wani launi ne da ƙullin Harder da ke bayan ido yake fitarwa idan dabbar na cikin wahala. Ɓeran da numfashi ke yi wa wuya yakan hau wuri mai tudu ya rataya kansa ƙasa, haƙarƙarinsa na shiga da fita. Mai kiwon da ba ya ɗora dabbarsa a sikeli duk mako ba zai san ta zubar da giram 40 ba. Yawancin abin da ake kira mutuwar fuju'a, ƙarshen jinya ce da ba a gani ba.

3.0 Masu zama a fata

Mafi yawan ƙwaron da ake samu a jikin ɓeran kiwo shi ne Radfordia ensifera, ɗan mitsitsi dangin kaska mai zama a gindin gashi. Yana sa ƙaiƙayi, ɓeran ya yi ta susa da faratan ƙafar baya har ya yi wa kansa miki a wuya da kafaɗa. Notoedres muris kuma yana haƙa fata ya haifar da ƙazwa a gefen kunne da hanci da wutsiya. Duka biyun suna hana dabba sukuni, mikin ma yana iya ruɓa, amma ba su ne masu kashewa a dare ɗaya ba.

Masu shan jini su ne abin dubawa da kyau. Na farko kwarkwatar ɓera, Polyplax spinulosa, wadda ke yin dukan rayuwarta a jikin dabbar tana liƙa ƙwai a gashi. Na biyu Ornithonyssus bacoti, wanda halinsa irin na kuɗin cizo ne: ya sha jini ya sauka, ya ɓuya a tsagar keji ko cikin shimfiɗa, ya dawo in yunwa ta kama shi. Daga ƙwai zuwa girma ba ya wuce mako biyu, yana iya yin makonni bai sha jini ba, kuma yana cizon mutane. Sau da yawa ƙurajen da suka fito a hannun mai gida ne ke tona asirinsa, don in an duba ɓeran da rana ba a ganin komai.

A nan lissafi yana da amfani. Jinin ɓera kusan mililita 64 ne a kowane kilo. Macen da nauyinta ya kai giram 300 duka jininta bai wuce mililita 20 ba, cikin cokalin shayi 4 ke nan. Ɗaruruwan ƙwari suna zuƙa daga wannan ɗan tanadi kullum, ba shakka za su kawo ƙarancin jini, kuma a tsohuwar dabbar da ƙodarta ta daina taimaka wa ɓargo wajen yin sabon jini, ƙarancin na iya kai wa ga mutuwa. Haka kuma kwarkwatar tana ɗauke da ƙwayar cutar Mycoplasma haemomuris, wadda kan kwanta shiru a jiki har sai garkuwa ta yi rauni ko an cire saifa, sannan ta tashi ta farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ita ce hanya mafi ƙarfi da ƙwarin fata ke bi su yi kisa, kuma tana barin shaida: kunnuwa da tafin ƙafa da dasashi sun yi fari fat, jinin ya tsinke kamar ruwa.

Sai dai akwai abin da ake yawan mantawa. Lafiyayyen ɓera yana ɓata sa'o'i yana lasa da tsefe gashinsa, abokan kejinsa ma suna taya shi, da haka yake rage yawan ƙwarin. In ya tsufa, jijiyoyin ƙashin baya sukan lalace, ƙafafun baya su yi rauni, ba ya iya zama a kansu ya gyara jikinsa. Nan da nan kwarkwata ta yi yawa. Saboda haka in an tarar da keji mai ɓeraye huɗu, uku fes, tsoho ɗaya ya mutu da kwarkwata maƙil, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne rashin lafiyarsa ce ta ba kwarkwatar dama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

4.0 Masu zama a ciki

Tsutsar da aka fi samu a hanjin ɓeran kiwo ita ce Syphacia muris, 'yar siririya fara mai zama a babban hanji. Macen takan fito ta zuba ƙwai a bakin dubura, galibi da rana tsaka zuwa yamma, shi ya sa ake gano ta ta hanyar manna salatif a wurin a duba da madubin likita, ba ta binciken kashi ba. Cikin kwana 7 zuwa 8 ta kammala zagayen rayuwarta. Tana da wuyar kawarwa, tana kuma iya ɓata sakamakon gwaji, amma a mafi yawan dabbobi ba ta nuna wata alama ko kaɗan. Ganin ta a gawa ba hujjar komai ba ne.

Tsutsotsi masu faɗi iri biyu ne. Hymenolepis diminuta sai ɓera ya ci ƙwaron gari ko ƙuma mai ɗauke da ita, don haka tsohon buhun abinci shi ne ƙofarta. Hymenolepis nana ba ta buƙatar wani ɗan aike; ƙwanta na iya ƙyanƙyashewa a cikin hanjin da aka haife shi, ta yi ta ninkuwa, kuma tana kama mutane, musamman yara. In ta yi yawa ƙwarai takan ramar da dabba, har ta toshe hanji. Wannan na faruwa, amma ba kasafai ba, kuma ana ganin toshewar da ido.

Akwai Trichosomoides crassicauda mai zama a mafitsara, wadda namijinta ke rayuwa a cikin mahaifar macen, ƙwanta kuma ke fita da fitsari. An danganta ta da tsakuwar mafitsara. Akwai kuma Angiostrongylus cantonensis, wadda aka fara bayyanawa a 1935 daga ɓerayen Kanton a ƙasar Sin. Tana shiga ta dodon koɗi, ta bi ta ƙwaƙwalwa, ta zauna a jijiyoyin jinin huhu. Ɓeran da ke cikin ɗaki ba ya haɗuwa da ita sai in an ba shi ɗanyen ganyen da dodon koɗi ya bi ba a wanke ba.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce Taenia taeniaeformis, tsutsar kyanwa. Ɓera na haɗiye ƙwanta daga abinci ko dusar katakon da kashin kyanwa ya taɓa. Ɗan tsutsar ya tafi hanta ya yi wa kansa jaka. Duk wanda ya saba feɗe ɓeraye ya san ta: farin ƙullutu kamar ƙwayar wake a kan jar hanta, in ka tsaga shi da tsinin almakashi sai wani farin zare mai gaɓa-gaɓa ya warware, wani lokaci tsawonsa ya kai ɗan yatsa, yana motsi a hankali. Ganin farko yana razana mutum, kuma na sha ganin ɗalibai suna ajiye wuƙa a nan, suna cewa an gano dalili. Alhali jaka ɗaya ko biyu ba sa hana hanta aiki. Haɗarinta na gaske a dogon lokaci yake: bangon jakar yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Frederick Bullock da Maynie Curtis na Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun nuna haka a 1920 ta hanyar ciyar da ɓeraye ƙwan tsutsar. Tunda rikiɗar na ɗaukar watanni da yawa, tsofaffi take samu, kuma ƙarin da ya girma a hanta yana iya fashewa jini ya cika ciki. A irin wannan hali za a iya cewa cima-zaune ne ya yi kisa, kuma kisan fuju'a.

4.1 Darasin Fibiger

Tarihin likitanci ya ajiye mana gargaɗi a kan wannan batu. Johannes Fibiger, masanin cututtuka a Kofanhagan ta ƙasar Denmak, ya ga wata tsutsa a tumbin ɓeraye tare da wasu tsiro da ya ɗauka ciwon daji ne. Ya bi sawunta har ya gano kyankyaso ne ke yaɗa ta, ya ciyar da ɓeraye kyankyasan, ya sake ganin tsiron, ya buga sakamakonsa a 1913. An ba shi kyautar Nobel ta 1926 a kan wannan aiki. Daga baya bincike ya nuna cewa tsiron ba ciwon daji ba ne, kuma rashin bitamin A a abincin ɓerayen shi ne babban sanadinsa. Fibiger mutum ne mai ƙwazo da gaskiya. Abin da ya rasa shi ne isassun dabbobin kwatanci da aka ba abinci iri ɗaya ba tare da tsutsar ba. Idan masani irinsa zai ga tsutsa kusa da ciwo ya ɗora mata laifi, to mai kiwon da ke cikin jimami ya fi kusa da yin haka, mu ma ba mu tsira ba.

5.0 Abin da ya fi kashe tsohon ɓera

Huhu ne a gaba. Mycoplasma pulmonis tana cikin kusan kowane gidan kiwo da ba na gwaji mai tsananin tsabta ba, uwa ke ba 'ya'yanta. Takan fara da atishawa da gurnani a ƙuruciya, ta ci gaba a hankali tsawon rayuwa. Zarnin fitsari a kejin da ba a sharewa yana ƙona hanyar numfashi ya ƙara mata ƙarfi. In aka buɗe ƙirjin tsohon ɓera mai wannan cuta, huhun ya yi tudu-tudu, wasu sassan cike da mugunya mai kauri. Dabbar na rayuwa da ɗan abin da ya rage, sai wani ƙaramin abu, zafi ko firgita ko wata ƙwayar cuta ta biyu, ya ƙarasa ta.

Sai ƙoda. Lalacewar ƙoda ta tsufa ta fi kama maza, kuma tana tsananta da cin abinci ba ƙayyadewa da yawan furotin. Ƙodar kan kumbura, ta koɗe, fuskarta ta yi gurzau. Tun 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa rage wa ɓera yawan abinci yana ƙara masa kwana. Ciwon tsokar zuciya ma maza ya fi kamawa, kuma shi yana iya tsayar da zuciya ba tare da wata sanarwa ba. Akwai kumburin jijiyoyin jinin hanji, inda bangon jijiya kan yi rauni ya bulluƙo, wata rana ya fashe.

A mata kuwa ƙarin ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wato fituwitari, shi ne babban abin tsoro. Alamarsa ta farko mai sauƙin ganewa ce: ɓerar ta kasa riƙe abinci da hannuwanta, sai ta kifa baki a kwano. Ƙarin mai taushi ne cike da jini, yana iya zubar da jini a cikin kansa ya danne ƙwaƙwalwa cikin sa'o'i. Wanda bai buɗe ƙoƙon kai ba ba zai taɓa ganinsa ba.

Zafi ma na kisa. Ɓera ba ya gumi, ta wutsiya yake fitar da zafi, in abin ya tsananta ya shafe jikinsa da yawu. Ana son ɗakinsa ya tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 24. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu zafi na haura digiri 40, kuma ɗauke wuta na rana ɗaya ya isa ya kashe tsofaffin dabbobin ɗakin gwaji.

6.0 Maganin da ke zama guba

Magungunan 'yan cima-zaune suna aiki: ivermectin ko selamectin ga na fata, fenbendazole ga ƙananan tsutsotsin hanji, praziquantel ga masu faɗi. Matsalar awo ce. Ana ba ɓera ivermectin miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kowane kilo. Mai giram 300, a ƙaramin awon, miligiram 0.06 yake buƙata. Ruwan allurar shanu na ɗauke da miligiram 10 a kowace mililita, don haka rabon ɓeran mililita 0.006 ne, abin da sirinji na yau da kullum ba ya iya aunawa sai an sirka. Ɗigo ɗaya tak ya ninka wannan awo sau 8. Masu kiwo da yawa kan lakato man ivermectin na dawakai da tsinke su ba dabbar bisa ƙiyasin ido. Matashin ɓera kan jure, amma tsoho mai raunin hanta da ƙoda yana iya faɗawa cikin rawar jiki da suma. Ɓera kuma ba ya iya amai, abin da ya haɗiya ya zauna ke nan. Haka fesa maganin ƙwari irin su fiya-fiya a ɗakin da dabbobi suke, ko yi wa tsoho mai ciwon huhu wanka don a kashe kwarkwata. Garin neman gira a rasa ido. Duk mutuwar da ta biyo bayan magani da kwana ɗaya ko biyu, dole a tambayi sunan maganin da ƙarfinsa da yadda aka auna shi.

7.0 Binciken gawa

Gani ya kori ji. Gawar ɓera na saurin lalacewa, don haka a sa ta cikin leda a ɗaure nan take, saboda ƙwarin fata kan bar jiki da zarar ya huce, kuma a cikin ledar za a same su. A ajiye a firji, kada a sa a firiza, domin ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin nama ta ɓata abin da za a gani a madubi. A sa safar hannu: ɓerayen kiwo sun yaɗa ƙwayar cutar Seoul ga mutane a Amurka da Kanada a 2017. A auna nauyi, a duba launin dasashi da tafin ƙafa, a manna salatif a gashi da dubura. A buɗe ciki a ga ko akwai jini kwance, a tsaga hanji daga farko har ƙarshe, a duba mafitsara, a buɗe ƙirji, a ƙarshe a buɗe kai. A ɗebi yankan huhu da zuciya da ƙoda da hanta da saifa da ƙwaƙwalwa a sa cikin fomalin mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau 10. A kuma duba kejin kansa: tsagoginsa, shimfiɗarsa, buhun abinci, da sauran dabbobin da ke raye.

Kafin a rubuta cewa cima-zaune ne ya kashe dabba, ina ganin sai an cika sharuɗɗa uku: yawansa ya isa yin ɓarna, an ga ɓarnar da ta dace da shi a gaɓar da yake zaune, kuma ba a sami wani ciwo a huhu ko zuciya ko ƙoda ko kai da ya fi shi bayyana mutuwar ba. In ɗaya ya faɗi, a rubuta shi a matsayin abin da aka tarar, ko mai taimakawa.

Roƙona ga malamai masu duba kundin ɗalibai da masu kula da ɗakunan dabbobi shi ne kada a karɓi rahoton mutuwar ɓeran da ya haura wata 18 in ba a buɗe ƙirjinsa da kansa ba, komai yawan tsutsar da aka ƙirga a hanjinsa.